J Dilla: Makaɗin da Ya Koya wa Na'ura Lugude



Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin birnin Kano da hantsi, daga Ƙofar Mata ya nufi Kurmi, ya san garin nan ba ya rabo da kiɗa ko da babu ganga a kusa. Ga masu bugu sun sa shadda a gaba, biyu-biyu, wannan ya ɗaga wancan ya sauke. Ga maƙeri da guduma a kan uwar maƙera. A bayan katanga kuwa, idan gidan biki ne, mata uku sun kewaye turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na bin taɓarya, a cilla ta sama, a tafa, a cafe. Babu agogon da ke auna musu lokaci. Wata ta ɗan yi gaba, wata ta ɗan ja baya, amma kunne ba ya jin an yi kuskure, sai ma daɗin da yake ƙaruwa. Wannan 'yar tazara da ke tsakanin taɓarya da taɓarya ita ce maganar yau, domin wani saurayi baƙar fata a Amurka ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa na'ura ita, har ya sauya yadda ake kiɗan hip-hop a duniya.

Ainihin sunansa James Dewitt Yancey. An fara saninsa da Jay Dee, daga baya ya koma J Dilla. An haife shi ranar 7 ga Fabrairun 1974 a birnin Detroit na jihar Michigan, ya mutu ranar 10 ga Fabrairun 2006 a Los Angeles, kwana 3 kacal bayan ya cika shekara 32. Shi ya sa duk watan Fabrairu masu sha'awar kiɗansa, daga Detroit har Landan, suke shirya tarukan tunawa da shi.

Sana'arsa ita ce wadda a situdiyoyin Kano ake kira haɗa kiɗa, mai yin ta kuma a ce masa makaɗi ko furodusa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don tun asali ya raba makaɗi da mawaƙi. Marigayi Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, shi ke da baki, amma a bayansa akwai masu kalangu. Mutum ya rataya kalangu a kafaɗa, ya matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta, murya ta sauka, har fata ta yi magana kamar ɗan Adam. A kan wannan shimfiɗa Shata yake zama ya yi yadda ya so. Aikin Dilla ke nan a hip-hop. Yakan rera kansa jefi-jefi, amma abin da ya ɗaukaka shi shi ne shimfiɗar da yake yi wa wasu.

Detroit gari ne na masana'antun mota, gidan Ford da General Motors da Chrysler, kuma a can Berry Gordy ya kafa kamfanin waƙa na Motown a 1959. Yaron ya tashi a unguwar Conant Gardens, a gidan da kiɗa ya zama abincin yau da kullum. Mahaifinsa makaɗin jazz ne, mahaifiyarsa Maureen Yancey, wadda ake yi wa laƙabi da Ma Dukes, mawaƙiya ce. Tun yana ƙarami ya kamu da son faya-fayan garmaho. Kafin ya mallaki wata na'ura, da rikoda ya fara. Ya kama wani ɗan gaɓa mai daɗi a cikin waƙa, ya naɗa a kaset, ya danna maɓallin dakatarwa, ya mayar da faifai baya, ya sake naɗa, haka haka har daƙiƙa biyar ta zama kiɗan minti uku. Duk wanda ya yi zamanin kaset a Kano, ya san yadda ake juya zare da biro, zai gane irin haƙurin da wannan aiki yake ci.

A makarantar sakandare ta Pershing ya haɗu da abokansa T3 da Baatin, suka kafa ƙungiyar Slum Village. A unguwarsu kuma akwai wani babban makaɗin fiyano, Amp Fiddler, wanda ya yi aiki da George Clinton. Shi ya buɗe wa yaron ƙofar gidansa, ya nuna masa wata na'ura mai suna MPC, ya bar shi da ita ya yi ta laluba. A 1994 Fiddler ɗin ne dai ya haɗa shi da Q-Tip na ƙungiyar A Tribe Called Quest, daga nan hanya ta buɗe.

Ya kamata mai sauraro ya san wannan na'ura, don a kanta labarin yake. Kamfanin Akai na Japan ne ya fitar da ita a 1988, bisa tsarin wani injiniya Ba'amurke mai suna Roger Linn. Akwati ce mai faɗin babban tire, a fuskarta akwai maɓallan roba 16, huɗu-huɗu a jere. Makaɗi zai ɗauko tsohon faifai, ya yanko bugun ganga ɗaya ya zuba a maɓalli na farko, ya yanko kukan ƙaho ya zuba a na biyu, ya yanko numfashin wata mawaƙiya ya zuba a na uku. Daga nan sai ya riƙa buga maɓallan da yatsu, na'ura tana haddacewa tana maimaitawa. A cikinta akwai wani tsari na gyara. Idan yatsa ya yi saurin sauka ko ya makara, na'ura za ta ja bugun ta ajiye shi daidai kan layi, kamar yadda kurtu ke jera ƙafa a fareti. Galibin makaɗan hip-hop na wancan lokaci sun dogara da wannan gyara, kiɗa ya fito a miƙe, ba gargada.

Dilla ya ƙi yarda na'ura ta yi masa hukunci. Wani lokaci ya kashe gyaran gaba ɗaya ya buga da yatsunsa yadda jikinsa ya ba shi. Wani lokaci kuma ya bi bugu ɗaya bayan ɗaya ya matsar da shi da gangan: ƙaramar ganga ta riga lokaci da ƙiftawar ido, babbar ta ɗan makara, kacau-kacau ɗin da ke sama kuma ya tsaya a miƙe. Sai a ji abu uku suna tafiya tare, kowanne da irin takunsa, suna ja-in-ja amma ba su rabu ba. Wanda ya fara ji yakan zaci kiɗan zai faɗi, sai ya ga bai faɗi ba, sai kuma ya tarar da kansa yana gyaɗa kai. Masana kiɗa a Amurka sun yi ta rubuce-rubuce don bayyana wannan abu. Dan Charnas ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2022, mai suna Dilla Time, inda ya nuna cewa saurayin ya haɗa miƙaƙƙen taku da karkataccen taku a lokaci guda. Matan da ke lugude a Yakasai ko Gwale ba su karanta littafin ba, amma hannunsu ya san abin tun kaka da kakanni.

Baiwarsa ta biyu kunne ce. Yakan shafe sa'o'i a shagunan tsofaffin faya-fayai, kuma idan ya sayo faifai sai ya saurare shi daga farko har ƙarshe, don abin da yake nema sau da yawa yana can ƙarshen waƙar da kowa ya tsallake. A 1995, da ya haɗa wa ƙungiyar The Pharcyde kiɗan waƙar Runnin', ya tono wani faifai na 1963 wanda Stan Getz ya yi da makaɗin jita ɗan Birazil, Luiz Bonfá. Ya yanki 'yan daƙiƙoƙi ya sake ɗinke su, sai ga kiɗan Birazil na zamanin iyaye ya dawo a bakin samarin Los Angeles. A 1996 kuma hannunsa na cikin waƙar Stakes Is High ta ƙungiyar De La Soul.

Duk da haka, shekaru suka yi ta tafiya jama'a ba su san sunansa ba. Shi da Q-Tip da Ali Shaheed Muhammad sun haɗa gwiwa suka kira kansu The Ummah, wato al'umma, kalmar Larabci da Bahaushe ya sani sarai, domin abokan nasa biyu Musulmi ne. Sunan ya yi kyau, amma ya rufe shi. A bayan faifai sai a rubuta sunan ƙungiya, mai saye kuma ya ɗauka aikin Q-Tip ne tunda shi ya fi shahara. Wannan tsohon ciwo ne a Detroit. Makaɗan da suka buga kusan duk fitattun waƙoƙin Motown na shekarun 1960, waɗanda ake kira Funk Brothers, ba a fara rubuta sunayensu a jikin faifai ba sai a 1971, a kundin What's Going On na Marvin Gaye.

Shekarar 2000 ce ta yaye labule. A situdiyon Electric Lady da ke New York, Dilla ya shiga ayarin wasu makaɗa da mawaƙa da suka haɗa da D'Angelo da Questlove da James Poyser da Erykah Badu da Common. A wannan shekara Slum Village ta fitar da Fantastic, Vol. 2. Shi ya haɗa wa Erykah Badu kiɗan Didn't Cha Know, shi kuma ya yi mafi yawan kiɗan kundin Common mai suna Like Water for Chocolate. Kundin nan yana da alaƙa da Nijeriya, don waƙarsa ta farko ta'aziyya ce ga Fela Kuti, wanda ya mutu a 1997, kuma ɗansa Femi Kuti ya sa hannu a cikinta. A 2001 ya fitar da kundinsa na kansa, Welcome 2 Detroit, a 2003 kuma shi da makaɗi Madlib suka yi Champion Sound.

Wani abin mamaki ya faru a wannan tsakani. Tun da aka ƙera na'urar kiɗa, ita ke kwaikwayon mutum. Da Dilla ya zo sai reshe ya juye da mujiya, mutane suka koma kwaikwayon na'urarsa. Questlove, mai gangar ƙungiyar The Roots, ya sha faɗa cewa jin kiɗan Dilla ne ya sa ya sake koyon bugun ganga, kuma ana jin wannan a kundin Voodoo na D'Angelo. Makaɗan jazz irin su Robert Glasper suka ɗauki salon suka mayar da shi kan fiyano. Yau ɗalibai a makarantun koyon kiɗa suna zama da ganga suna gumi, don su iya makara yadda ya makara.

Ana cikin haka ciwo ya same shi. Likitoci suka gano yana da wata cutar jini da ba kasafai ake samun ta ba, mai sa jini ya riƙa daskarewa a ƙananan jijiyoyi, ga kuma cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. A 2004 ya koma Los Angeles da zama, mahaifiyarsa ta baro Detroit ta zo jinya. Ya rame, ƙafafu suka gaza. Amma a ƙarshen 2005 sai ga shi a Turai, ana tura shi a keken marasa lafiya zuwa kan dandamali, yana yi wa jama'a wasa daga zaune.

A wannan hali, tsakanin gida da gadon asibiti, ya kammala Donuts. Kamfanin Stones Throw ya fitar da shi ranar 7 ga Fabrairun 2006, ranar da ya cika shekara 32. Kiɗa 31 ne a cikin minti 40 da 'yan kai, galibinsu ba su kai minti biyu ba, kuma babu mawaƙin da ya hau kansu. Muryoyin da ake ji duk na tsofaffin faya-fayai ne, ya yanka su gunduwa-gunduwa ya sa su faɗi abin da shi yake so. Sunan kundin na wani soyayyen abincin fulawa ne mai rami a tsakiya kamar awarwaro, kuma haka ya gina shi: inda kiɗan ƙarshe ya tsaya, daga nan na farko ya ɗauka, yadda mai sauraro zai yi ta zagayawa ba tare da ya ji an rufe ƙofa ba. Bayan kwana 3 ya cika a gida, mahaifiyarsa na kusa da shi.

Abin da bai samu ba yana raye ya same shi bayan ransa. A watan Agustan 2006 abokinsa Karriem Riggins ya ƙarasa kundin The Shining da ya bari. A 2009 a Los Angeles, makaɗa 60 masu goge da ƙaho da sarewa suka zauna ƙarƙashin jagorancin Miguel Atwood-Ferguson suka buga kiɗe-kiɗensa, don girmama mahaifiyarsa. A 2014 Ma Dukes ta miƙa na'urarsa ta MPC 3000 da fiyanonsa na Moog ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian da ke Washington, wanda aka buɗe a 2016. Akwatin da ya sha bugun yatsunsa ya zama kayan tarihin ƙasa.

Sai dai akwai ɗaci a labarin. Mutumin da manyan mawaƙa suka ci abinci da kiɗansa ya mutu ya bar bashin asibiti da na haraji, ga 'ya'ya mata biyu ƙanana, kuma an daɗe ana taƙaddama kan gadonsa. Suna ya yi tambari, amma iyali sun sha wuya.

To, ina ruwan mutumin Kano da wannan labari? Ruwansa babba ne. Birnin da Sarki Gijimasu ya fara kewaye shi da ganuwa tun ƙarni na 12 ya daɗe da sanin darajar makaɗi. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka shigo da kakaki. Fada na da tambari da algaita da kotso. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, mata a cikin gida na da kiɗan ƙwarya da shantu. Kowace sana'a da takenta, kuma makaɗi yana da sarauta da gado.

Kiɗan na'ura ya shigo da ƙarfinsa ne tare da finafinan Hausa. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, situdiyoyi irin su Iyan-Tama suka kawo fiyanon Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da ganga da sarewa da goge. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, shekarar da Shata ya rasu, waƙarsa ta cika gari, daga Ƙofar Wambai inda ake sarin kaset har ƙauyukan Nijar. Daga nan aka samu abin da ake kira nanaye, kuma dubban samari suka sami sana'a.

Hip-hop ya biyo baya, kuma bai zo wa Bahaushe a matsayin baƙo ba, don mai jin gambara ya saba da magana mai gudu a kan kiɗa. A shekarun 2000 aka ji muryoyi irin su Billy-O da Abdullahi Mighty da Nazir Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, shi kansa mai haɗa kiɗa ne a situdiyo kafin ya koma Amurka. A Yamai kuma ga su Kaidan Gaskiya. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Girgiza Kai ta Ziriums. Duk da haka abin bai mutu ba. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ba hip-hop fili, inda Nomiis Gee ya riƙa gabatar da mawaƙan. Aka samu su Classiq da Morell da DJ AB da Deezell. Aka kuma samu Lil Ameer, yaron Kano mai baiwa, wanda ya rasu a haɗarin hanya a watan Satumban 2017 yana ɗan shekara 14, Allah ya jiƙansa. Jama'a sun riƙe waɗannan sunaye. Amma a tare mutum goma a bakin Kurmi a tambaye su wa ya haɗa kiɗan waƙar da suka fi so a bana, da wuya a samu biyu da za su amsa.

Wanda yake son ganin wannan mutumin da ba a sani ba, ya leƙa situdiyo, ko a Zoo Road ko a wani ɗan shago a cikin gari. Ɗaki ne ƙarami, an manna soso a bango don kada ƙara ta fita, an kashe fanka don kada iskarta ta shiga makirufo, zufa na zuba. Saurayi na zaune gaban kwamfuta da manhajar da suke kira Fruity Loops, fiyano a gefe, janareto na ruri a waje. Mawaƙi ya shigo da baitinsa a waya, ya rera sau ɗaya. Makaɗi ya saurara, ya laluɓo muryar a fiyano, ya ɗora ganga, ya ɗora sarewa, ya gyara inda murya ta kauce, ya kwana yana tacewa. Da safe a sallame shi da abin da aka yi ciniki, shi ke nan. Waƙa ta shiga wayoyi, ta shiga gidajen biki, ta tara miliyoyin masu kallo a YouTube da TikTok, shi kuwa rabonsa ya ƙare tun daren farko. In an yi masa kara, mawaƙi ya ambaci sunansa a ƙarshen waƙa, daidai inda mai gabatarwa a rediyo yake rage sauti.

Ga wannan saurayi rayuwar Dilla take magana, kuma abu na farko da take faɗa masa shi ne ya mayar da hannunsa cikin na'ura. Masu sauraro da yawa suna ƙorafin cewa kiɗan zamani ya zama iri ɗaya, a cire muryar wannan a ɗora ta wancan ba a gane ba. Dalilin a fili yake: manhaja ɗaya, sautukan da suka zo da ita ɗaya, kowane bugu an ja shi an ajiye kan layi. Mai haɗa kiɗan da ya tashi yana jin lugude a tsakar gidansu, yana bin 'yan tashe da azumi, yana tsayawa kallon masu kalangu ranar hawan Sallah, yana da abin da babu shi a cikin kwamfuta. Ya kira mai kalangu na gaske situdiyo, ya naɗi hannunsa, ya bar masa 'yar gargadarsa.

Abu na biyu shi ne rumbu. Dilla ya je har Birazil da kunnensa don neman 'yan daƙiƙoƙi. Makaɗin Kano kuwa a kan taska yake kwance. Ga kotson Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, ga kuntigin Ɗanmaraya Jos, ga ƙwaryar Barmani Choge, ga gurmin Haruna Uji, ga kukumar Ali Makaho. Da yawa suna nan a tsofaffin faya-fayai da kaset, da ɗakunan ajiya na Rediyon Kano da Rediyon Tarayya na Kaduna. Amma wannan taska tana da masu ita. Duk wanda zai yanki sautin wani marigayi ya fara zuwa ga magadansa, ya nemi izini, a yi yarjejeniya a rubuce, a ba su rabonsu. Ɗaukar kayan mutum ba da saninsa ba sata ce, ko da sunan raya al'ada aka yi ta.

Abu na uku shi ne suna da haƙƙi. Nijeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma akwai hukumar da ke kula da ita. Amma doka ba ta bin mutum har situdiyo idan shi bai riƙe takarda ba. Makaɗi ya daina sayar da gumin darensa da baki kawai. A rubuta wa ya yi kiɗa, wa ya yi waƙa, nawa ne kason kowa idan kuɗi suka shigo daga intanet. Abin da ya sami iyalin Dilla a ƙasar da ke da lauyoyi da kamfanoni ya isa ya farkar da wanda yake aiki a inda ko rasit ba a bayarwa.

Akwai iyaye da malamai a cikin birni da suke ɗaure fuska da jin sunan hip-hop, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Wasu waƙoƙin cike suke da batsa da zagi da tallar shaye-shaye, har da wasu daga cikin waɗanda Dilla ya yi wa kiɗa, kuma babu dalilin da zai sa ɗan Kano ya kwaso wannan. Abin koyi a wurinsa shi ne riƙon sana'a: yaro ya zauna gaban na gaba da shi ya koya, ya girmama waɗanda suka riga shi har ya haddace ayyukansu, ya ƙi sakin aiki sai ya gamsu da shi, ya kuma ci gaba da yi har ranar da hannu ya gaza. Wannan tarbiyya ce da kowane marini a Ƙofar Mata da kowane baduku a Kurmi zai gane.

Saura aikin adanawa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya daɗe yana nazarin kiɗan fim da na zamani. Makaɗan situdiyo na farko, waɗanda suka zauna gaban fiyano a shekarun 1990, yanzu furfura ta fara kama su, kayan aikinsu kuma suna ruɓewa a lungun shago ko an sayar wa 'yan gwangwan. Ya dace Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa su nemi waɗannan fiyano da kaset tun suna nan, su ajiye su kusa da tambari da kakaki, a rubuta sunan mai kowanne. Ɗaliban Jami'ar Bayero su je su naɗi hira da masu su tun suna da rai. Gidajen rediyo kuwa nasu ya fi sauƙi, kuma za su iya farawa daga yau: duk waƙar da za a sa, bayan an faɗi sunan mawaƙi, a faɗi sunan wanda ya haɗa kiɗan.